Maganin Hawan Jini Ba Goro Ba Ne

A zango babu abin kunya kamar rowa. Tun lokacin da Malam Baƙo ya kafa Sabon Zongo, yau sama da shekara ɗari, aikin gidaje irin namu shi ne saukar baƙi: fatake su zo da kaya daga arewa, a ba su ɗaki da tuwo, a tsaya musu a kasuwa har su sayar su koma. Abin da na gada ke nan. Harkar albasa nake yi, kuma da wuya mako ya wuce ba a samu mutum uku ko huɗu daga Galmi ko Ƙonni ko Agadas a zaurena ba. Tabarma, buta, cajar waya, kuɗin trotro, har rigar zuwa Juma'a, duk ana ara a gidan nan. Abu ɗaya nake hanawa, na kuma san ana gulmata a kansa: maganina na hawan jini.

Roƙon kusan iri ɗaya ne kullum. Bayan isha'i mutum zai matso ya rage murya. "Maigida, tun la'asar kaina ke sarawa, ina jin tansiyon ce ta tashi. Sam mini ƙwaya ɗaya cikin naka." In ce masa, "Alhaji, wanne kake sha a gida?" Sai ya ce, "Wani ɗan fari ne, ƙarami."

To, ɗan fari ƙarami. A gidan nan mu uku ke shan maganin hawan jini, ni da Hajiya da yayana, kuma dukkan namu fari ne ƙarami, amma babu biyu da aikinsu ya zo ɗaya. Zan rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali, don mai son duba nasa ya gane. Nawa amlodipine ne, shekara 11 ke nan ina sha. Aikinsa ya sassauta jijiyoyin jini su buɗe. Daga baya likita ya ƙara mini bendroflumethiazide, mai fitar da gishiri da ruwa ta fitsari. Hajiya da lisinopril ta fara, ya sa mata busasshen tari da ya hana mu barci kusan wata biyu, aka canza mata zuwa losartan. Yaya kuwa zuciyarsa ce ta taɓu, shi ya sa yake shan atenolol mai rage gudun bugun zuciya, ga kuma wata 'yar ƙwaya da yake sawa ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya riƙe shi. Na Yaya in ka ba mai asma, numfashinsa na iya toshewa a daren. In ka ba wanda dama zuciyarsa a hankali take bugawa, sai ya sume maka. Na Hajiya in ka ba mace mai juna biyu, ɗan cikin ka cutar. Ni ban san halin ƙodar baƙona ba, ban san halin zuciyarsa ba, shi ma yawanci bai sani ba.

Ko nawan na ba shi, ƙwaya ɗaya a daren nan ba abin da za ta yi wa ciwon kansa. Amlodipine sai an yi kamar mako ana shan sa kullum yake daidaita a jini. Ciwon kan ma sau da yawa gajiyar hanya ce, ko zazzaɓin sauro, ko rashin barci. Hawan jini ba ya sallama. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce kusan rabin masu ɗauke da shi ba su san suna da shi ba. Wanda ke jiran kai ya sara kafin ya sha magani, ya ɗauki mai gadin da ke barci.

Abin da nake yi wa baƙon shi ne in ɗauko na'urar awo. In ce ya tofar da goron bakinsa, mu yi hira rabin awa, sannan ya zauna shiru minti biyar, bayansa a jingine, hannu a kan tebur. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, da safe yaro ya raka shi wurin likita, kuɗin mota daga aljihuna. Wasu sun gode. Wani dattijo kuwa sai da ya canza masauki a tafiyarsa ta gaba, wai na wulaƙanta shi a kan ƙwaya ɗaya. Na ji zafi, amma ban canza ba.

Wurin awon nan ma akwai rikicin yare. Mutanenmu na Nijar da Togo da Burkina lissafin Faransa suka saba da shi: likita ya ce tansiyonka 16, ko 16 bisa 10. A nan Gana wannan shi ne 160 bisa 100. Sifili ɗaya ne bambancin. Na ga mutumin da ya ga 150 a na'urata ya kusa kuka, shi da ya saba jin 15, ya ɗauka ninki goma ya hau.

Rikicin yaren da ya fi ba ni tsoro yana kan kwalin magani. Shekaru kaɗan da suka wuce wani abokin cinikina daga Galmi, mutum mai hankali wanda ba a cutarsa ko buhu ɗaya a lissafi, ya sauka wurina da maganinsa da likita ya rubuta masa a gida, Amlor, miligiram 10, kafso ne. Zazzaɓi ya kama shi a nan, ya je wani ƙaramin asibiti, aka auna shi aka ga jini ya hau. Aka tambaye shi ko yana shan amlodipine, ya ce a'a, kuma iyakar saninsa gaskiya ya faɗa. Aka ba shi amlodipine, miligiram 10, ƙwaya. Ya riƙa shan kafso da safe, ƙwaya da dare, yana ganin ya ƙara ƙarfin magani. Bayan mako biyu ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. In ya ɗago daga sujada sai ya dafa bango. Ranar da jiri ya kayar da shi a gefen motar da ake sauke wa kaya, saura ƙiris buhu ya sauko masa a ka. Ɗana ne ya jera kwalayen biyu a tabarma ya karanta ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin babban suna, ya ce, "Baba, ai magani ɗaya ne." Amlor sunan kasuwa ne a ƙasashen Faransa, kamar yadda ake cewa Norvasc a ɓangaren Ingilishi, asalin duka amlodipine. Miligiram 10 ne iyakar abin da ake ba mutum a rana, shi kuwa 20 yake sha. Magungunan biyu lafiyarsu lau, haɗuwarsu a ciki ɗaya ce matsalar.

Haka Lasilix da Lasix, duka furosemide ne. Ténormine da Tenormin, duka atenolol. Ɗan kasuwar da ke yawo tsakanin sefa da sidi da naira ya san kaya ɗaya na da suna uku. Tun daga ranar, duk baƙon da ya ce mini yana shan magani, sai na sa an rubuta masa ƙaramin sunan nan na asali, da yawan miligiram, da lokacin sha, a takarda guda ya sa cikin fasfo ko katin shaida. A kuma ɗauki hoton kwalin a waya, a tura wa matarsa ko babban ɗansa ta WhatsApp. In ya shiga kowane asibiti, kafin ya ce komai ya zube duk abin da yake sha a gaban likita, har da na gargajiya.

Wannan ya shafi maganin da 'ya'yanmu ke aikowa daga Amurka da Jamus. Niyya mai kyau ce, amma an rubuta shi ne don wani jikin. A 2019 aka buga sakamakon wani gwaji da Dakta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, kan mutum 728, aka ga haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin da ba shi. Likitan da ke nan ya san abin da yake yi in ya zaɓa maka. A kai masa na ƙasar wajen ya gani kafin a buɗe.

Sai maganar hanya, wadda ita ce rayuwarmu. Kowa ya tuna watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, da aka rufe iyakoki motocin albasa suka yi layi kaya na ruɓewa. An yi ta lissafin asarar buhuna. Ni akwai asarar da na gani wadda ba ta shiga lissafin ba. Wani maƙwabcinmu ya fita da maganin kwana goma, don tafiyar kwana goma ce a saninsa, atenolol da wani na biyu. Ya yi sama da mako uku a hanya. Da maganin ya ƙare bai damu ba, tunda ba ya jin ciwon komai. Aka dawo da shi kwance, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙaddara ta Allah ce, amma tambayar farko da likita ya yi wa ɗansa ita ce: yaushe rabonsa da magani? Yanzu da sanda yake zuwa masallaci, yaron ne ke riƙe da harkar.

Duk maganin hawan jini in aka bari jinin komawa yake inda ya fito, don maganin riƙewa yake yi, ba warkarwa ba. Amma irin su atenolol da bisoprolol da propranolol sun fi haɗari, domin in aka yanke su farat ɗaya zuciya zabura take yi kamar dokin da aka sakar wa linzami, mai ciwon zuciya kuma na iya samun bugun da ba a tashi. Ko likita zai cire wa mutum su, a hankali yake ragewa.

Ni dai in zan yi tafiyar mako biyu, maganin wata guda nake ɗauka. Rabi a aljihun 'yar ciki, rabi a jaka, don jaka na ɓata, kuma ana raba mutum da kayansa a kan iyaka. Ba na barinsa a gaban mota inda rana ke dukansa. Yawancin kwalayen an rubuta a ajiye ƙasa da zafin digiri 30, gaban tirela kuwa a Bawku cikin watan Maris tanda ce. Ba na ɓare shi daga takardar azurfarsa in zuba a leda, don a nan suna da ranar lalacewa suke. In na manta na safe na tuna da rana, sai in sha. In sai da lokacin na gobe ya kusa, na bar shi ya wuce, ba a rama shi biyu kamar bashi.

In ya ƙare a hanya, a nemi babban kantin magani mai rajista, a nuna takardar nan. Na san mai tebur a tasha ya fi sauƙi da arha. Amma akwai binciken da aka buga a 2017 kan magungunan zuciya da na hawan jini a ƙasashen Afirka goma, ciki har da Nijar da Binin da Togo da Burkina, wato hanyarmu sak. An gwada samfuri 1,530, aka samu kusan ɗaya cikin shida ba shi da inganci, a amlodipine ma abin ya doshi ɗaya cikin uku. Mu da muke farka buhu mu duba albasar tsakiya kafin mu biya, bai dace mu haɗiye abin da ya kwana a rana a kan tire ba. A gida kuwa, masu sha yau su tsallake gobe don kwalin ya daɗe, su duba katin inshorar lafiyarsu. Magungunan hawan jini na yau da kullum suna cikin jerin da inshorar ke biya, kuma ana sabunta katin ta waya da *929#.

Akwai kuma abin da muke ƙarawa a kai da hannunmu. Jikin ɗan kasuwa ciwo yake yi, baya da gwiwa da kafaɗa, kuma abin da aka fi miƙo mana a kemis shi ne diclofenac ko ibuprofen. Waɗannan suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, su ɗaga jini, su kashe ƙarfin maganin da kake sha. In suka haɗu da lisinopril ko losartan da kuma maganin fitsari, ƙoda ce ke biya. Mai raunin zuciya kuwa su kumbura shi. Farasitamol ya fi mana lafiya, amma shi ma ban da mai tafasa a ruwa irin Efferalgan da baƙinmu ke ƙauna, don abin da ke sa shi tafasar sinadarin gishiri ne. Magungunan mura masu buɗe hanci su ma da yawansu suna ɗaga jini. Kalma ɗaya ce ke raba gardama: kafin mai kanti ya miƙo komai, ka ce masa, "Ina shan maganin hawan jini."

Gishirin ma ba na cikin kwano kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce giram biyar a rana, ƙasa da ƙaramin cokali guda. Ka lissafa magi, da momoni, da koobi, da shito, da kanwar da ke cikin waake da miyar kuɓewa, da wadda ake haɗawa a garin taba. Kanwa 'yar uwar gishiri ce a jiki ko da ba ta yi ɗanɗanonsa ba. Sobolo kuwa gaskiya ne yana ɗan sauke jini, amma ɗan kaɗan. Ba ya zama a madadin magani, kuma wanda ake sayarwa a kwalba rabinsa suga ne. Goro ban daina ba, na dai rage.

Wata magana ta maza, zan faɗe ta ko da da kunya. Wanda ke sa ƙwayar ƙarƙashin harshe, ko yake shan isosorbide don ciwon ƙirji, in ya haɗa da Viagra ko danginsa, jininsa na iya faɗuwa warwas ya mutu a shimfiɗa. Kuma hukumomin kula da magani a ƙasashe da dama sun sha kama sinadarin nan a ɓoye cikin jiƙe-jiƙe da zuma da shayin ƙarin ƙarfi da ake talla a matsayin na itace zalla. In maganin hawan jinin ne ya rage wa mutum ƙarfi, wanda yakan faru da wasu, ya faɗa wa likita a canza masa. Da yawa a ɓoye suke daina sha saboda wannan, matan gida ba su sani ba.

Matan su ma a tsakaninsu aron ya fi namu yawa, daga uwa zuwa 'ya, daga kishiya zuwa kishiya. Hajiya ta kafa doka a cikin gida: duk wadda ke shan lisinopril ko losartan, in tana neman haihuwa ko ta ga batan wata, ta je asibiti a ranar, a mayar da ita kan irin waɗanda ake ba masu ciki, kamar methyldopa ko nifedipine. Ba a dainawa a zauna haka, don hawan jini a cikin ciki shi ma kisa yake yi. Ta kuma sha faɗa da masu man bilicin da masu ƙwayar ƙiba, don da yawansu na ɗauke da sinadarin da ke ɗaga jini. Abu ɗaya game da lisinopril da kowa ya kamata ya riƙe: in leɓe ko harshe ko fuska suka kumbura, ko da an shekara ana shan sa lafiya, a tafi asibiti nan take, kada a ƙara ko ƙwaya ɗaya. Ya fi samun baƙar fata, kuma maƙogwaro na iya rufewa.

Maganin fitsari shi ne ya fi wahalar da ni. Da kasuwarmu na Agbogbloshie, da ƙafa nake zuwa. Tun da aka mayar da mu Adjen Kotoku a 2021, sai na fita da asuba in zauna a cunkoson hanyar Nsawam, mara a cike, ga alwala. Na san mutane da dama da suka ajiye maganin saboda wannan kawai. Ni na kai kukana wurin likita, ta ce in riƙa sha idan na isa kasuwa, amma kada ya kai yamma don kada ya hana ni barci. Ta kuma ce ranar da gudawa ko amai suka kama ni, in kira ta kafin in sha, don jikin da ya bushe in aka ƙara masa maganin fitsari ƙoda ce ke tsayawa.

Azumi ma haka. Wata guda kafin Ramadan nake zuwa a tsara mini. Amlodipine sau ɗaya ne a rana, an mayar mini da shi bayan buɗa-baki. Na fitsarin shi ma bayan shan ruwa, ba da sahur ba, don kada in wuni a rana jiki na zubar da ruwan da ba zan iya mayarwa ba. Wurin tashi daga doguwar sujada a tarawihi nakan ɗan zauna kafin in miƙe. Yaya dai likita ya ce kada ya yi azumi, malamin unguwa kuma ya ce masa ya ciyar. Bai so ba, amma ya bi.

Yaran gidan nan duk na koya musu abin da za su yi in ba na nan, ko in ni ne a ƙasa. In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe, ko ƙirji ya danne da zufa, a duba agogo a riƙe lokacin, don likita zai tambaya. Kada a ɗura wa mutum ruwa ko rubutu ko koko, mai shanyewar jiki shaƙewa yake yi. Kada a ƙara masa maganin hawan jini don a sauke shi da sauri. In alamar shanyewar jiki ce kada a ba shi asfirin kafin a yi hoton kai, don wataƙila jijiya ce ta fashe. A kira 112, in motar asibiti za ta daɗe a tare tasi. Mu a Sabon Zongo Korle Bu na kusa da mu, akwai sashen masu shanyewar jiki da cibiyar zuciya. Mutanen Nima da Maamobi suna da asibitin Maamobi da 37 da Ridge. Addu'a a yi ta a cikin mota. Jakar magungunanmu mu uku tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakina, kowa da ledarsa da sunansa a jiki, kuma wanda ya fara fita shi zai ɗauko ta.